Dutse Mai Ƙanzo: Yadda Tsohon Kankare Ya Koma Kan Titi

Duk inda aka yi rusau a garuruwanmu, kafin ƙura ta lafa samari sun iso da guduma da zarto. Ginshiƙai suke fasawa su zare rodi, domin rodi kuɗi ne a hannun 'yan gwangwan. Wanda ya ga rusau ɗin Kano na watan Yunin 2023 ba sai an ba shi labari ba. Bayan kwana biyu ko uku sai tifa ta zo ta kwashe abin da ya rage. Wannan ragowar ba ta da mai so, mai filin ma godiya yake yi idan an raba shi da ita.

Na taɓa tare wani direban tifa a bakin wani bene da aka rushe a unguwarmu, na ce, "Direba, wannan kaya ina ya nufa?"

Ya ce, "Wallahi Malam, duk layin da ruwa ya cinye aka ce ana son ciko, can za mu. In ba a samu ba, sai kududdufi."

Kafin ya tashi motar na tsinci wani gutsure kamar dunƙulen hannu. Idan ka jujjuya irinsa za ka ga abu biyu. Ga ƙwayar dutsen da aka kwaɓa kankaren da ita tun farko, tana nan da ƙarfinta. Ga kuma busasshen kwaɓin siminti da yashi ya manne mata, toka-toka, duk ƙananan ramuka, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ɗiga ruwa a kan dutsen, gangarewa zai yi. Ɗiga a kan ƙanzon, kafin ka ƙifta ido ya shanye. Shekara tamanin ke nan injiniyoyi suna gardama kan ko tsohon kankare zai iya zama sabon titi mai ƙarko, kuma gardamar duk a kan wannan ƙanzon take.

Ba su ne suka fara lura da shi ba. Wani masanin gini na daular Rum mai suna Vitruvius ya rubuta littafi mai juzu'i goma a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A juzu'i na bakwai, inda yake bayanin daɓe, ya bambanta sabon fasasshen dutse da wanda aka kwaso daga tsohon gini. Sabon, awo uku ake sa masa awo ɗaya na ƙonanniyar farar ƙasa, wadda ita ce simintinsu. Tsohon kuwa, awo biyar ake sa masa biyu. Mu yi lissafin da kwanon sarki: kwano 15 na sabon dutse zai ci kwano 5, amma kwano 15 na tsohon sai ya ci 6. Ashe tun shekara dubu biyu da suka wuce an san tsohon kaya yana aiki, sai dai cinsa ya fi na sabo.

Maginanmu na gargajiya ma ba sa zubar da katangar da damina ta kayar. Farfasa ta ake yi, a jiƙa, a sake kwaɓawa a yi tubali. Amma ƙasa in ta sha ruwa komawa ƙasa take yi. Siminti ba haka yake ba: in ya kama ya kama, ba ya sake zama gari mai aiki. Tun da Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin zamani a Ingila a 1824, duniya ta shiga tara wani irin tarkace da ba ya narkewa, ba ya ruɓewa, ba ya cin wuta. Titin kankaren da aka zuba a garin Bellefontaine na jihar Ohio a 1893 har yau yana nan. Abin alfahari ne ga masu siminti, amma wannan ƙarkon shi ne ciwon kan duk wanda aka ce ya kawar da kankare daga wuri.

Yaƙi ne ya tilasta wa mutane zama su yi tunani. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, an ƙiyasta ɓaraguzan da ke jibge a biranen Jamus sun kai kubik mita miliyan 400. In da tifa mai ɗaukar kubik mita goma za a kwashe su, sai ta yi sawu miliyan 40. Wasu an tara su sun zama tsaunuka. A Balin akwai tudun Teufelsberg, wato tsaunin shaiɗan, wanda kusan kubik mita miliyan 26 na rusassun gidaje ne aka lulluɓe da ƙasa aka shuka itatuwa. Hotunan matan da ke layi suna miƙa wa juna bokiti suna kankare tubali sun shahara ƙwarai, ko da yake masana tarihi na baya-bayan nan sun nuna injuna da kamfanoni ne suka yi mafi yawan aikin. A Frankfurt tun a 1945 aka kafa kamfani na musamman don sarrafa ɓaraguzai, yana niƙa su yana buga bulo da su, bai rufe ba sai 1964. A 1951 Jamusawa, kamar yadda suka saba, har ƙa'ida suka rubuta wa kankaren da aka kwaɓa da fasasshen jan bulo.

Sai dai a lura, yawancin tarkacen Jamus jan bulo ne, kuma gidaje aka gina da shi. Da ɓaraguzan suka ƙare, tattalin arziki ya miƙe, sai aka koma wa sabon dutse da tsakuwar kogi. Larura ce ta kawo abin, da ta kau aka ajiye shi. A Amurka ma an taɓa gwada niƙaƙƙen kankare a wani yanki na shahararriyar hanyar nan mai lamba 66 a jihar Illinois cikin shekarun 1940, aka bar shi nan. A lokacin dutse yana da arha, man dakonsa yana da arha, juji kuma kyauta ne. Wa zai wahalar da kansa?

Abu uku suka haɗu suka sauya lissafin a shekarun 1970. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka ratsa jihohin Amurka, mil 41,000, kuma an tsara su ne su yi shekara ashirin. Wa'adin ya zo cika. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, kuɗin dako ya tashi, kuma dutse kaya ne da dakonsa kan fi shi tsada in tafiyar ta yi nisa. Ga shi birane sun faɗaɗa sun kori wuraren fasa dutse zuwa nesa, juji ya fara cika. Injiniya ya tsinci kansa yana biyan kuɗi sau biyu: ya biya a kwashe tsohon titi, ya biya a kawo masa dutsen sabo, alhali tsohon titin nan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na jikinsa dutse ne da yashi.

A wannan lokacin ne wani mai bincike na rundunar injiniyoyin sojan Amurka a Vicksburg, Alan Buck, ya niƙa tsohon kankare ya kwaɓa sabo da shi, ya wallafa sakamakonsa a 1973 da 1977. A Turai kuma ƙungiyar masu binciken kayan gini ta RILEM ta kafa kwamiti kan rusau da sake amfani da kankare a 1976. Abin da gwaje-gwajen suka yi ta nunawa bai sauya ba har yau. Dutsen kirki ruwan da yake sha bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa ba, shi kuwa mai ƙanzo yakan sha kashi 4 zuwa 8. Ya fi sabon dutse rashin nauyi, ya fi shi saurin goguwa. Kankaren da aka yi da shi ƙarfinsa yakan ɗan ragu, kuma in yana bushewa yana tsukewa fiye da na sabon dutse, da kashi 20 har zuwa 50 cikin ɗari. In aka haɗa da garin da ke fitowa daga injin niƙa aka sa a madadin yashi, abin ya ƙara muni, domin garin nan kusan duk ƙanzo ne.

Jihar Iowa ce ta yi ta maza a 1976. Ta fasa wani ɗan guntun hanya mai lamba 75 a gundumar Lyon, ta niƙa, ta mayar da shi cikin sabon kankaren hanyar. Daga nan jihohi suka biyo. Cikin duk ayyukan da aka yi a shekara goma sha biyar da suka biyo baya, na jihohi uku ne nake ganin sun isa a tsaya a kansu, domin biyu sun ɗauki kankare marar lafiya suka yi nasara, ɗaya kuma ta sha kunya.

Ta farko Minnesota ce, a 1980. A Hausa ƙugiya da wasali ne kawai suka raba kankare da ƙanƙara, amma a can arewacin Amurka abokan gaba ne. Akwai irin dutsen da ke da ƙananan ramuka, ya sha ruwa, sanyi ya zo ruwan ya daskare ya kumbura a cikinsa, bazara ta zo ya narke, haka shekara da shekaru har dutsen ya fashe daga ciki. Tsagar takan fara daga mahaɗar silab da silab, ta lanƙwasa kamar harafin D. Hanya mai lamba 59 kusa da garin Worthington ta kamu da wannan cuta, tsawon mil 16. Hankali zai ce wanda ya niƙa irin wannan kankare ya sake zubawa, cutar ya sake shukawa. Injiniyoyin jihar suka yi wani lissafi dabam. Sun san babbar ƙwayar dutse ce ke fashewa, domin ruwa ba ya samun hanyar fita daga tsakiyarta kafin ya daskare. Sai suka niƙa shi ƙanana, kada ƙwaya ta wuce milimita 19, suka tankaɗe garin suka fitar da shi daga kwaɓin, suka ƙara tokar kwal ta tashar lantarki. Cutar ba ta dawo ba. Hanyar ta samu wata matsalar daga baya, silab ya riƙa ɗara ɗan'uwansa tsawo a mahaɗa har mota na jin tuntuɓe, amma wannan laifin rashin sandunan ƙarfe ne da ya kamata a sa a mahaɗar tun farko.

Ta biyu Wyoming, a 1985, a kan babbar hanya mai lamba 80 kusa da Pine Bluffs. Cutar can dabam ce. Wasu duwatsu suna ɗauke da wani nau'in silika da ba ya jituwa da sinadarin alkali na cikin siminti. In suka haɗu da danshi sai su haifi wani abu mai yauƙi da ke kumbura, fuskar titi ta tsattsage kamar ƙasan kududdufi a watan Afrilu. Su ma suka niƙa marar lafiyar suka mayar, amma suka zaɓi siminti mai ƙarancin alkali, suka sa tokar kwal, suka gauraya da wani kaso na sabon dutse. Da masu bincike suka koma duba hanyar a 2006, bayan shekara ashirin da ɗaya tana ɗaukar manyan motoci, alamar tsohuwar cutar kaɗan suka gani.

Ta uku Michigan. Daga 1983 jihar ta shiga aikin da ƙarfinta, ta zuba ɗaruruwan mil na layin titi da niƙaƙƙen kankare, musamman a kan hanya mai lamba 94. Ba a jima ba tsaga ta fara buɗewa a tsakiyar silab tana farfashewa, har a 1991 hukumar hanyoyin jihar ta dakatar da amfani da shi a kankaren saman titi. Wannan labari ya yi yawo, shekaru da dama duk wanda ba ya son abin sai ya ce a tambayi Michigan.

To me ya faru a can? Tsarin titin jihar na lokacin dogon silab ne, ƙafa 41, wato sama da mita 12, da ragar ƙarfe a ciki. Irin wannan silab an san zai tsage a tsakiya, ba a damu ba, domin ragar za ta riƙe tsagar kada ta buɗe, kuma duwatsun da ke fuskokin tsagar biyu za su cije juna kamar haƙoran zif. In tayar tirela ta taka gefe ɗaya, haƙoran nan ne ke raba nauyin da ɗaya gefen. Amma niƙaƙƙen kankaren ƙanana ne, haƙoransa gajeru. Yawancin abin da ke fuskar tsagar ƙanzo ne, mai saurin goguwa. Ga shi yana tsukewa fiye da kima, tsagar ta buɗe fiye da yadda aka tsara. Tirela dubu ta wuce, dubu goma ta wuce, haƙoran suka side, gefe ɗaya ya riƙa nutsewa shi kaɗai, ruwa ya shiga, ƙasan ya yi laushi. A ganina dutsen bai ci amanar kowa ba. An ɗauko zanen da aka yi wa sabon dutse aka ɗora masa, kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Inda aka gajarta silab, aka sa sandunan ƙarfe a mahaɗa don kada a dogara da haƙoran dutse, aka kuma rage ƙanzon da ke cikin kwaɓi, hanyoyin sun yi ƙarko daidai da maƙwabtansu na sabon dutse.

Texas ta zo a 1995 ta yi abin da kowa ke cewa kada a yi. A wani yanki na hanya mai lamba 10 cikin birnin Houston, ta zuba kankare mai rodi a miƙe ba mahaɗa, kuma duka dutsen da yashin daga tsohon titin aka niƙo su. Titin ya yi kyau ya daɗe. Amma ɗan kwangilar ya ga ta kansa wajen kwaɓi. Tulin kayan in ya bushe sai ya zuƙe ruwan kwaɓin, kankare ya yi tauri tun kafin a baje shi. Sai da aka riƙa yayyafa wa tulin ruwa ana auna danshinsa a kai a kai. Bayan wannan aiki jihar ta ƙayyade garin niƙa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na yashin kwaɓi. Duk birkilan da ya taɓa ɗora bulo busasshe a kan kwaɓi da rana tsaka ya san wannan darasin, shi ya sa ake jiƙa bulo.

Ni dai a wurina Ostiriya ce ta fi kowa iya zama da ƙanzo. Da babbar hanyarsu ta Biyana zuwa Salzburg ta tsufa, wajen 1990 suka fara sabunta ta da wata dabara. Ana fasa tsohon titi a niƙa shi nan kusa da wurin aikin, a tankaɗe. Duk ƙwayar da ta wuce milimita 4 tana shiga kwaɓin shimfiɗar ƙasa, mai kaurin kimanin santimita 20. Tun wannan bai bushe ba wani injin na biye da shi yana zuba shimfiɗar sama, santimita 3 zuwa 4 kacal, da zaɓaɓɓen dutse mai tauri wanda taya ba ta iya sidewa. Biyun su kama juna su zama silab guda. Garin da ya rage kuma ba a zubar da shi, ana gauraya shi da siminti a ƙarfafa ƙasan hanyar. Kowane kaso an kai shi inda aibinsa ba ya cutarwa. Nauyi tsohon kaya ke ɗauka, gogayyar taya kuma sabo. Mai tuƙi a kai bai ma san yana kan titin kakanninsa ba.

Duk da wannan, kada mai karatu ya ɗauka yawancin tsohon kankaren duniya yana komawa cikin sabon kankare. Ƙarƙashin titi yake tafiya, shimfiɗar dutsen nan da ake bajewa a danne da rola kafin a zuba kwalta ko kankare. Wani bincike da hukumar manyan hanyoyin Amurka ta fitar a 2004 ya nuna jihohi 38 na amfani da shi a wannan shimfiɗa, 11 ne kawai ke sa shi a sabon kankare. A can ƙasan ƙanzo har amfani yake yi. Ƙwayoyin suna da kaifi, suna cije juna, kuma ragowar simintin da bai gama kamawa ba yakan farfaɗo in ya ji danshi, shimfiɗar ta ƙara tauri da kanta. Amma nan ma yana da halinsa. Ruwan da ya ratsa shi yakan fito da farar ƙasa a narke, in ta sha iska ta daskare ta zama farin ɓawo, ta toshe bututun da aka binne don tsane ruwan titi. Jihohin Ohio da Minnesota sun yi fama da wannan kafin a gane maganin shi ne a rage garin, ko a wanke dutsen, ko a yi magudanar da ba ta toshewa da sauƙi.

Abin da ya tura harkar gaba a Turai da Japan ba ɗakin gwaji ba ne kaɗai, doka ce da haraji. Holan ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya marar duwatsu, ga ƙarancin fili. A 1997 ta haramta kai tarkacen gini mai amfani juji, yau fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa ana sake amfani da shi, yawanci a ƙarƙashin hanyoyi. Birtaniya ta sa harajin juji a 1996, sannan a 2002 ta sa wa kowane tan na sabon dutse da yashi harajin fam 1.60. Tarayyar Turai a 2008 ta ɗora wa mambobinta burin sake sarrafa kashi 70 cikin ɗari na tarkacen gini kafin 2020. Japan ta yi dokarta a 2000, kuma tsakanin 2005 da 2007 ta kasa niƙaƙƙen kankare aji uku gwargwadon ruwan da yake sha. Mafi daraja shi ne wanda bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Don a kai ga wannan, har dabarar gasa shi suka ƙirƙiro, a zafa shi zuwa digiri 300 ƙanzon ya yi rauni, sannan a murje shi a injin. Dutse yakan fito kusan sabo. Ina da ja a nan, domin in ka ƙona makamashi mai yawa don ka ceci dutse, sai a tambaye ka ina ribar. Dabarar 'yan Hong Kong ta fi kama da abin da talaka zai iya. A 2005 Vivian Tam da abokan aikinta suka nuna cewa in aka raba ruwan kwaɓi biyu, aka fara jiƙa dutsen da rabi, aka zuba siminti ya yi kunu ya cike ramukan ƙanzon, sannan aka ƙarasa ruwan, kankaren yakan fi ƙarfi. Ba a sayi sabon inji ba, jerin zubin kawai aka sauya.

Girman abin da ake magana a kai sai an ga misali. Da aka rufe tsohon filin jirgin saman Stapleton a Denver a 1995, hanyoyin saukar jiragensa da farfajiyarsa sun ba da kimanin tan miliyan 6.5 na niƙaƙƙen kankare da kwalta, birnin ya yi shekara da shekaru yana gini da su. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ce a 2022 duniya na cin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa kowace shekara. Wanda ya ga yadda tifofi suka rarake gaɓar kogunanmu ba zai yi musu ba.

Yaƙi da girgizar ƙasa ba su daina samar da ɓaraguzai ba. A Mosul ta Iraƙi, bayan yaƙin da aka yi da ISIS, an kafa cibiyar niƙa tarkacen birnin don aikin hanya. Girgizar ƙasar Turkiyya ta watan Fabrairun 2023 ta bar sama da tan miliyan ɗari, Gaza kuwa nata tulin ya wuce tan miliyan 39 tun tsakiyar 2024. Sai dai tarkacen gida ba ɗaya yake da tarkacen titi ba, kuma wannan bambanci ya shafe mu kai tsaye. Titi kwaɓi ɗaya ne, daga dutse ɗaya, ana iya sanin asalinsa. Gida kuwa kwaɗo ne: ga bulo, ga tayil, ga katako, ga gilashi, ga leda. Gutsuren da na tsinta a bakin tifar nan daga ginshiƙi ya fito, amma yawancin lodin ɓaraguzan bulon yashi ne, irin wanda ake buga wa buhu ɗaya fiye da ƙima har kana iya murje shi da hannu. Wannan ba zai taɓa zama dutsen kankaren titi ba, iyakarsa ciko. Mafi haɗari shi ne silin POP da ya cika gidajenmu yanzu. Jifsam ne, kuma jifsam in ya shiga kankare ya samu danshi sai ya kumbura shi daga ciki. Duk wanda zai niƙa tarkacen gida a ƙasar nan, tun wurin rushewa zai fara tsince shi, ba bayan katafila ta gauraya komai ba.

Muna da wuraren da lissafin zai fi saurin biya. Yankin tafkin Chadi yashi ne da laka, dutsen gini daga nesa ake yo dakonsa zuwa Maiduguri, ga kuma gine-gine da gadoji da rikici ya rusa. Ba mu da ƙanƙarar Minnesota, wannan mun huta. Amma muna da zafin rana, da hunturun da ke busar da kwaɓi tun yana cikin baro, da tirelolin da ke ɗaukar abin da ya wuce ƙa'ida. Dutse mai ƙishirwa a irin wannan yanayi sai an jiƙa shi sosai kafin kwaɓi, an kuma shayar da titin ruwa yadda ya kamata bayan zubi. Ƙa'idar Amurka ko ta Ostiriya ba za ta zauna mana yadda take ba, sai jami'o'inmu sun gwada da dutsenmu da simintinmu.

Yanzu ne ma muke shiga zamanin titin kankare gadan-gadan. Ga hanyar Obajana zuwa Kabba a jihar Kogi, kilomita 43. Tun da David Umahi ya zama ministan ayyuka a 2023 yake tura 'yan kwangila su koma kankare, kuma da shi aka fara hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba a 2024. Muna inda Amurka take a 1956, muna zubawa, ba wanda ke tunanin ranar fasawa. Ranar kuwa za ta zo. Minnesota da Wyoming sun yi nasara ne saboda sun san abin da ke cikin tsohon titinsu da cutar da ta kama shi, suka haɗa magani daidai da ita.

Don haka roƙona ga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da na jihohi ƙarami ne, ba ya bukatar kasafi. Kowane kilomita da aka zuba, a rubuta daga wane dutse aka faso tsakuwarsa, wane siminti aka sa, nawa aka sa, me gwaji ya nuna, a adana a inda gara da sauyin gwamnati ba za su cinye ba. Injiniyan da zai fasa hanyar Obajana ya niƙa ta yanzu yana firamare. A bar masa takarda.